Wuƙar da Na Saya wa Baba

Babana, Malam Hamisu na Gubuchi, bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarsa ta fari, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu jiki. Shekarata talatin da takwas, 'ya'yana huɗu, amma har gobe idan zai yi magana a kaina sai dai ya ce "yarinyar nan". Idan na durƙusa na gaishe shi, katanga yake kallo ya amsa. Saƙo tsakanina da shi kuwa ƙanwarsa ce ke kaiwa da kawowa, Goggo Talatu, wadda take zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Ban taɓa ganin aibin wannan al'ada ba sai bara, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Sana'ar Baba yi wa mangwaro aure. Zai yanko ɗan reshe daga bishiya mai 'ya'ya masu daɗi, ya fere gindinsa, ya tsaga kan ƙaramin dashe da ya raina a leda, ya haɗa su ya naɗe da zaren leda. Bayan mako uku reshen ya tofo, shi ke nan dashen ya zama irin waccan bishiyar. Tun yana saurayi wani malamin gona ya koya masa, da malamin zai bar yankin kuma ya ba shi wuƙar aikin. 'Yar wuƙa ce ta aljihu mai naɗewa, ƙotarta ta katako, da tambarin ganye a gindin ƙarfen. Gefe ɗaya kawai ake wasa ta, don yankanta ya fita sumul. Da ita Baba ya ciyar da mu. Daga Makarfi har ƙauyukan Ikara, da wuya ka shiga lambun mangwaro ba ka tarar da aikin hannunsa ba.

Bishiya ɗaya ce bai taɓa yi wa aure ba, kuma ita ce ta fi kowacce. Tana gidan mahaifiyarsa Hajo a Saulawa, inda aka kai ni goyo ina 'yar shekara biyu. Hajo ce ta shuka ta da ƙwallo, Allah ya sa ta fito daban: ba zare, ƙwallonta siriri, zaƙinta kuma ba ya ginsa. A gindinta na girma, a nan Hajo take yi min kitso tana tsokanata wai na fi awakinta ɓarna. Bayan ta rasu, sau nawa na aika Goggo ta roƙi Baba ya ɗauko irin bishiyar nan? Amsarsa ɗaya ce kullum: "Tana nan, ina za ta je?" Ya yi wa duniya aiki shekara arba'in, na gidansu kuma sai an jima.

Ni tela ce a Kudan, inda nake aure. Farkon daminar bara zan je gida, na tsaya kasuwar Makarfi don in yi wa Baba tsaraba. Goggo ta taɓa gaya min wuƙar ta sirance saboda wasawa, ta koma kamar ganyen dawa. Na nemi mai sayar da wuƙaƙe na kwatanta masa. Ya buɗe akwati ya fito da guda a kwali, ya faɗi kuɗinta, ya kusa na buhun taki. Da ya ga kuɗin sun yi min yawa, sai ya miƙo wata daga cikin tulin da ke kan tabarma.

"Hajiya, ga ƙanwarta. Duba tambarin, duk abu ɗaya ne. Kwalin ne kawai ake saya a waccan."

Na riƙe su biyun. A ido kam ba ka raba su. Amma ta kwalin ta fi nauyi, idan ka buɗe ta tana tsayawa cak da ƙara mai daɗi. Ta tabarmar kuwa ƙarfenta yana ɗan girgiza a cikin ƙota, ƙotar ma roba ce aka yi mata fentin katako, kuma gefe biyu aka wasa ta kamar wuƙar yanka albasa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na gani. Ni da nake yini da almakashi a hannu, na san yadda na bogi yake tauna atamfa maimakon ya yanka. Amma na ce a raina, itace ne fa, ba leshi ba. Na sayi mai arahar, na ƙara da goro da sabulu don tsarabar ta yi auki.

Goggo ce ta miƙa masa, ina durƙushe a bakin ƙofa. Ya buɗe ta, ya shafa kaifin da babban yatsa, ya ɗan motsa ƙarfen. Ya daɗe yana juya ta. Sannan ya ce wa Goggo, "Ki ce mata Allah ya yi albarka." Daɗi ya kama ni kamar ƙaramar yarinya.

Da la'asar ɗin ranar aka yi iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauko. Washegari da safe waya ta zo daga Saulawa cewa bishiyar Hajo ta faɗi, ta tumɓuke har saiwa. Ashe gara ta daɗe da cinye cikinta. Baba bai ko karya ba ya hau mashin. Kafin hantsi ya dawo da rassa talatin naɗe a jiƙaƙƙen buhu, waɗanda ya zaɓo kafin su yi yaushi. Dama ɗaya ce ke nan. Idan waɗannan ba su kama ba, irin mangwaron Hajo ya ƙare a duniya.

Na ce sai na bi shi lambu. Goggo ta ce in zauna mu yi girki, na ƙi. Bishiyar kakata ce, kuma ina so in ga wuƙata tana aiki. Na ɗauki tabarma da buta na zauna a inuwa, kamar taku goma daga inda ya jera dashensa.

Ya sa hannu a aljihun dama, ya tsaya, ya saci kallon inda nake. Sai ya cire hannun ya sa a na hagu, ya fito da sabuwar.

Na sha ganin aikin Baba ina yarinya idan na zo hutu. Ja ɗaya yake yi, reshe ya fito fes yana sheƙi. Ran nan kuwa sai ya ja sau uku, sau huɗu. Ɓawon yana tattarewa, itacen yana fitowa da gashi-gashi. Duk bayan reshe uku sai ya koma kan dutse ya wasa, kafin ya ƙara biyu bakin ya sake lanƙwashewa. Zufa ta jiƙa masa riga. Ni kuma ina zaune ina tausayinsa, ina cewa a raina Baba ya tsufa, gara da na kawo masa sabuwar wuƙa. Har na ce masa, "Sannu Baba, tana ci kuwa?" Ya amsa wa dashen da ke gabansa, "Tana ci."

Da aka kira azahar na zaga bayan bukkar lambun na yi alwala na yi salla. Ban jima ba, don ban so in rasa kallo. Da na dawo ya gama, yana ɗaure na ƙarshe.

Na koma Kudan ina ta ba maƙwabta labarin yadda wuƙata ta ceci mangwaron Hajo. Bayan wata guda na dawo don in ga tofo. Tun a tsakar gida Goggo ta tare ni, ko ruwa ba ta bari na sha ba.

"Ke Mukarrama, da ke da ubanki ban san wanda ya fi wani ba ni haushi ba. Je ki lambu ki gani."

Na je. Layi biyu na dashe, kowanne da ɗan busasshen kara baƙi ƙirin a kansa, ledar tana reto. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa, suna karyewa a hannuna. Sai can ƙarshen layi na ga guda biyu da jajayen ganye sababbi, masu taushi.

Goggo ta biyo ni. Ta ce, "Huɗun ƙarshen nan da tsohuwar wuƙarsa ya yi su, lokacin da kika tafi salla. Biyu suka kama. Sauran ashirin da shida duk da taki ya yi, ko ɗaya bai rayu ba. Tun da ya shafa ta a gabanmu ya san ba ta aiki ba ce. Amma kina zaune kin zuba masa ido, yaya zai ajiye kyautarki ya ɗauko wata?"

Na zauna a ƙasa. Haushin kaina ya fi yawa, amma haushinsa ma bai yi kaɗan ba. Kalma huɗu ce fa: wannan wuƙar ba kyau. Ko ta bakin Goggo ya aiko da na tashi na ba shi wuri. Ya gwammace ya sa bishiyar uwarsa a bakin halaka da ya kunyata 'yar da ko sunanta ba ya faɗa. Kuma da na san tsawon sallata ne kawai rabon mangwaron Hajo, da tun hantsi na shiga nafila da lazimi har azahar.

Washegari na koma Makarfi wurin mutumin nan. Ban yi masa faɗa ba, don bai ɗaure min ido ba. Na sayi ta kwalin, na dawo Gubuchi. Wannan karon ban ba Goggo ba. Na tarar da Baba a zaure yana fere rake da wuƙar bogin, na durƙusa na ajiye kwalin a gabansa. Abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na ɗaga kai na dube shi.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba? Na san jabu ce tun a kasuwa. Ni na kashe dashen nan."

Bai kalle ni ba, bai kuma taɓa kwalin ba. Ya goge wuƙar bogin da gefen rigarsa, ya naɗe ta a hankali, ya mayar da ita aljihun gaba. Sannan ya juya wajen Goggo da ke tsaye a ƙofar cikin gida.

"Talatu, ki gaya wa yarinyar nan wuƙarta ba ta da laifi. Hannuna ne ya tsufa."