Yafiyar da Aka Yi a Ƙofar Gida

Mijina ma'aikaci ne a wani kamfanin jima a Challawa. Warin fata ya kama jikinsa, har nakan tsokane shi cewa tun daga bakin layi hancina ke amsa sallamarsa. Wata safiya yana kan keke zai tafi aiki, tankar ruwa ta gwamnati ta ƙwace ta bi ta kansa. Duk unguwa an san motar nan ba ta da birkin kirki, direban ma ya sha kai kuka ofishinsu.

Ranar sadakar uku direban da shugabansa suka zo gaisuwa. Ina ɗaki cikin takaba, ina jin komai ta taga. Direban kuka yake wiwi. Yayan mijina, wanda ya zo daga ƙauye, ya ce, "Haba Malam, tashi. Kwanansa ne ya ƙare. Mu ba ma cin kuɗin jini, mun yafe duniya da lahira." Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya leƙo ya tambaye ni, ni da aka bar wa yara uku da ɗakin haya.

Direban kam ni ma na yafe masa har zuciyata. Amma motar ba tasa ba ce, ba shi ya hana a gyara ta ba.

Matar wani abokin aikin mijina ce ta faɗa mini cewa in ma'aikacin gwamnati ya yi ɓarna a bakin aiki, gwamnati ke biyan diyya. Da diyyar nan na sa rai zan riƙe 'ya'yana. Ina fita takaba na saɓa goyo sai ofishin su direban. Shugaban ya karɓe ni da mutunci, har ruwa ya sa aka kawo.

"Baiwar Allah, ai bakin alƙalami ya bushe. A gabana danginku suka yafe."

"Ranka ya daɗe, direba aka yafe wa. Marayun fa?"

"Sai haƙuri."

Haya ta gagare ni. Yayan mijina ya zo ya kwashi manyan biyu zuwa ƙauye. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don na rasa wanda zan tsana. A tasha babban ya riƙe mini zane.

"Inna, yaushe za ki zo ki ɗauke mu?"

"Da zarar gwamnati ta biya," na ce.

Can suka girma. Matar yayan mijina suke ce wa Inna.