Rubutun Gada da Ya Ci Ran Kauri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, wasu ƙarti suka kashe aminina, mai rubuta allunan shaguna, wanda kowa ke kira Kauri. An ba ni shawara in rubuta cewa Allah Ya yi masa rasuwa, in tsaya a nan. Ba zan iya ba. Da ƙarfe aka dake shi a tsakiyar titi, ido na ganin ido.

Kauri, ni mai ɗab'i ne, bango ɗaya ya raba shagona da naka, kuma ni na laƙaba maka wannan suna don tsokana. Haruffan da ka ƙirƙiro ne sila: manya, masu kauri kamar damtsen maƙeri, a tsaye ƙyam, ba ƙafa ba wutsiya, ba wata kwalliya a gefe. Ka yanka su ɗaya bayan ɗaya a jikin kwanon rufi, ka jera a ƙusa. Kakan bar cikin harafi a buɗe sosai don kada ya cushe idan an hango shi daga nesa. Na sha ce maka ba rubutu kake yi ba, ihu kake yi da fenti. Sai ka yi dariya ka ce, "Naka a zaune ake karantawa, nawa daga mota a guje."

Ban manta ranar da muka ga wani bawan Allah ɗauke da matarsa tana zubar da jini, yana ta zagaya asibitin unguwa bai gane ƙofar shiga ba. Washegari ka saɓi tsani ka je ka rubuta ƘOFAR GAGGAWA da jan fenti. Ba wanda ya sa ka, ba kuma wanda ya gode maka.

Sai gadar sama da ta ratsa kan kasuwa ta tsage. Tifofin yashi na bi ta kanta, mata na kasa kaya a ƙarƙashinta da goyo a baya. Sun kai kuka ofis har sun gaji. Kai kuwa ka kafa allo a bakin gadar: GADA TA TSAGE, BABBAR MOTA TA ZAGAYA. Direbobi suka riƙa hango shi tun da sauran tazara, suna juyawa. Zagayen bai yi wa masu tifofin daɗi ba. Suka turo aka farfasa allon. Ka kafa wani, aka cinna masa wuta. Maimakon ka haƙura, ka ce wannan karon a jikin simintin gadar za ka rubuta, kowane harafi ya fi mutum tsayi, ka ga mai iya tumɓuke bango.

Mai ɗakinka ta roƙe ka har da hawaye. Ka ce mata, "Ban sa suna ba, wa zai san ni ne?" Haba Kauri! Duk garin nan wa bai san haruffanka ba? Su kansu tifofin, kai ka rubuta musu lambobi a jikin ƙofa.

Ɗabi'arka ce idan ka gama rubutu ka sauko daga tsani ka riƙa ja da baya, idonka a kan aikin, don ka ga inda ake fara iya karanta shi. Matan kasuwa sun ce ranar, da ka gama rubutun gadar, haka kake ja da baya, buroshi a hannu, har ka shiga tsakiyar ƙartin ba ka sani ba. Na farko ya sauke maka ƙarfe a ƙeya. Da ka faɗi suka take hannunka na dama a kan kwalta, suka farfasa yatsun. Suka yi ta shurinka a ciki da fuska, sannan suka juye maka gwangwanin fenti a ka. Da na iso, wallahi na kasa bambance jini da fenti. Matsorata, la'anannu! Ko fuskarka ba su iya tunkara ba.

Kafin a gama yi maka wanka har sun shafe rubutun da baƙin mai. Hanyar maƙabarta kuwa ta ƙarƙashin gadar take. Muna tsakiyar wucewa da makara sai ga tifa a sama, maƙare da yashi. Gadar ta girgiza, ɓarɓashin siminti ya zubo a kan likkafaninka. Babbar 'yarka, da ke tsaye cikin mata a gefen hanya, ta kurma ihu. Ni na sa hannu na kakkaɓe, muka ci gaba da tafiya.

Allah Ya jiƙanka, Kauri, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙurin da ni na kasa samu. Waɗanda suka yi aikin da waɗanda suka aiko su, Allah Ya isa, Ya tona asirinsu tun a duniya. Matan da suka koma kasa kaya a ƙarƙashin gadar yau da safe, don ba su da wani wurin, ya Allah Ka tsare su, yanzu ba mai yi musu gargaɗi. Amin.