Sau Ɗaya Aka Tambaye Ni

A garinmu in an yi maka tayin abinci ba ka miƙa hannu a kiran farko. Ka ce alhamdulillahi, yanzu na tashi daga kan kwano, ko da rabonka da loma tun jiya. Mai gida ya san haka, sai ya sake. Ka ce ai a ƙoshe kake. A na uku ne zai ɓata rai ya ce to raina mu aka yi ke nan, kai kuma ka matso ka wanke hannu. A haka na tashi, kuma shekara ashirin da bakwai da na yi a Barking, nan ƙasar Turawa, ba su kankare mini shi ba.

Haihuwar jikata ce ta kawo ni ƙasar nan. 'Yar ɗana na fari ce, sunana aka sa mata, don haka takwara nake ce mata. Wankan jego na zo yi na wata uku, uwarta ta koma aikin asibiti, ni na zauna. A bayana ta yi wayo. Da ta girma aka samar mini flat ɗina ni kaɗai, hawa na biyu, taga tana kallon layin dogo.

Wata Asabar da hantsi takwara ta shigo da kwamfutarta a hammata, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. An riga an sa ranar aurenta, watanni shida suka rage. Ta ce sun yanke a Zanzibar za a yi bikin, wani tsibiri a tsakiyar ruwa. Dangin ango suna gida, shigowa nan yana musu wuya, ƙawayenta kuma suna nan, shi ne za a haɗu a tsakiya. Ta nuna mini hoto: rairayi fari fat kamar garin shinkafa, ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare. Mutum arba'in kawai wurin zai ɗauka.

Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Kaka, ina yin list ne. Za ki iya zuwa? Tafiyar da nisa, jirgi biyu, ga gwiwarki."

Na ce, "Ni? Me tsohuwa za ta je nema a bakin ruwa, kifi ce ni? Ku je ku sha bikinku."

Ina faɗa ina lissafa zanen da zan ɗaura a jirgi. Na gyara zama ina jiran ta sake. Sai ta miƙe ta rungume ni, ta ce, "Okay, Kaka, na gane. Za mu sa ki a video." Ta danna wani abu da yatsa ɗaya, ta wuce kan sunan da ke biye.

Na ce a raina ba komai, yarinya ce haihuwar nan, ubanta zai gyara. Ranar Juma'a ya biyo daga masallacin Whitechapel kamar yadda ya saba. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, balle in kai masa kukan abin da raina yake so. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, an ce ba za ki samu zuwa ba. Gara hakan, wannan gwiwar ba ta son zaman jirgi." Bai tambaya ba, faɗa ya yi. Yaron da na koya wa tayi da bakina. Na ce Allah ya sa a yi lafiya, na tura masa kwanon waina.

Abin da ya fi ci mini rai, a falona aka shirya bikin nan tun daga tushe. Takwara da ƙawayenta sun ce gidan Kaka ya fi daɗin zama, akwai waina da miyar taushe. Duk Asabar suna nan, takalma jibge a ƙofa. Ina ji suna gardamar yadda za a yi da iskar teku kada ta kwashe ɗaurin kai, da yadda takalmi mai tsini zai nutse a rairayi, da ko za a samu mai lalle a can ko a tafi da ita daga nan. Sun canja launin anko sau uku kafin su tsaya a kan ruwan zuma. Kome ya ɗaure musu kai sai su juyo. Kaka, ya ake kamu? Kaka, wa yake wanke amarya? In ba su amsa tiryan-tiryan. Amaren da na kai ɗaki a garin nan, daga Whitechapel har Dagenham, ba zan iya ƙirga su ba, kuma duk matar da ta san kanta ta san in za a danƙa amana bakina ake nema. Su tambaye ni komai, ban da abu ɗaya. La'asar na yi su kwashi takalmansu, in tsaya ina wanke kwanuka ina jin jirgin ƙasa yana wucewa.

Ƙanwar uwar takwara aka zaɓa ta miƙa amarya. Ta bugo mini waya wai in koya mata abin da ake faɗa. Na koya mata. Amma ba zan ɓoye ba, rabi na ba ta. Ragowar na riƙe, don har lokacin ina ganin ni zan tsaya a wurin.

Matan da muke haɗuwa wajen karatu ranar Lahadi suka fara, "Hajiya, yaushe ne tashin?" Na ce ni na ce ba na so, sun roƙe ni har sun gaji. Suka yi ta yaba mini, wai na san girmana. Na dawo gida da wannan ƙaryar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Wani ƙyalle na yadin ankon ya faɗi a bayan kujera. Na tsince shi, na hau jirgin ƙasa na District line ni kaɗai, na bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya har na samu irinsa. Wata 'yar Gana ta ɗinka mini, ta ce, "Maama, kai zai fi amarya kyau." Na rataye shi can ƙuryar kabad. Fasfona kuma na sa shi a jakar hannu, duk inda na je yana tare da ni, don ranar da aka sake tambaya in ce to tunda kun matsa, in zaro shi.

Saura kwana huɗu takwara ta zo karɓar kayanta. Sati guda na yi ina turara su, na rufe na'urar hayaƙin nan ta silin da safa don kada ta tara mini maƙwabta. Na aike ta ta ɗauko kwalbar humra a kabad. Na manta da abin da na rataye a ciki. Ta daɗe ba ta fito ba, sai ga ta da ankon a hannu.

"Kaka, wannan na wa ne?"

Na ce na wata ce ta ba ni ajiya.

"Wata mai tsawonki? Kaka, kin ce ba za ki je ba. You said no!"

Na ce, "Sau nawa kika tambaye ni?"

Ta yi tsaye tana kallona. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don ta sha ganin yadda nake yi da baƙi a kan kofin shayi. Ta zube a ƙasa ta fashe da kuka, tana kukan tana danna waya. Ta ce akwai wadda ta yi cancel, ɗaki yana nan, kujerar jirgi ma za a samu, ina fasfo? Na jawo jaka na zaro shi, na miƙa mata da hannu biyu. Wata shida ina jiran wannan miƙawar.

Ta buɗe. Ta daɗe a kan shafi ɗaya. Ta ce, "Kaka, ya mutu. Shekara biyu ke nan."

Ni ban yi boko ba, hotona kawai nake ganewa a ciki. Tun rasuwar ƙanwata ban sake zuwa gida ba, ba wanda ya duba shi. Ta kira ubanta. Ya ce a kwana huɗu ba abin da za a iya, da wata shidan nan ne da tuni an gama. Ya ce a ba ni wayar. Na ce a ce masa ina alwala.

Ranar bikin na yi wanka na sa ankona, na kafa ɗauri, na jingina wayar da flas ɗin shayi. Na ga rairayin, na ga takwara cikin lulluɓin da na turara. Iska tana ta bugun wayar, maganar tana zuwa tana yankewa. Ƙanwar uwarta ta kama hannunta ta faɗi abin da na koya mata, ba ta yi kuskure ba, ta tsaya daidai inda na tsayar da ita. Sai na ɗora daga nan. Na ce wa dangin ango mun kawo ta da idonta biyu da ƙafarta biyu, in ta yi ba daidai ba a faɗa mana kafin a faɗa wa duniya. Na ce wa takwara ƙofar da ta fito ba a kulle ta ba. Na faɗa da ƙarfi, yadda nake faɗa a cikin taro. Daga baya na ji ashe an rufe sautin duk masu kallo daga nesa, don kada hayaniya ta shiga. Ban cire kayan ba sai da na yi la'asar a cikinsu.

Yanzu tana Manchester da mijinta. An sabunta fasfon, yana cikin jaka. Duk Lahadi takan bugo ta ce, "Kaka, in zo miki wannan satin?" In ce ina, wannan nisa, zauna ki huta. Ta sake, in ce lafiyata ƙalau, me za ki zo yi. Wani satin takan kai na ukun. Wani satin aiki ya gajiyar da ita, ta tsaya a na biyu, ni kuma in ce ta gaida mini angon.