Idon Mairamu da Bakin Yuguda

Ranar da za a wanke wa Mairamu ido, mijinta Yuguda ne ya faɗa kwata, ba ita ba. Shi ke mata jagora zuwa asibiti, yana tafe yana hararar sabon babur ɗin Joda, sai ji kake tsundum! Mai ciwon idon ce ta laluba ta jawo shi.

Mairamu 'yar unguwar Malam Inna ce, da ɗinkin hula ta tashi, kuma duk wanda ya sa hularta a Gombe sai an tambaye shi inda ya samo. Joda ne ya fara neman aurenta, Yuguda ya kada shi da baki, don bakin ne kaɗai jarinsa. Bayan haihuwarta ta uku wani farin abu ya gitta mata a baƙin ido, duka biyun, ya yi ta kauri har allura ta gagare ta. Aka ce hakiya ce, aka sha tofi har aka gaji.

Tun daga nan Yuguda ya zama idonta, ya kuwa yi son ransa. In Joda ya wuce sai ya ce, "Wayyo, Joda ya tsofe, sanƙo har ƙeya, haƙori biyu suka rage." Alhali kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata sun sauka wa Joda, bawan Allah sai sheƙi yake.

Likita ya duba ya ce ba hakiya ba ce, wani abu ne kamar alli ya taru a saman idon. Ya ɗiga maganin kashe zafi, ya jiƙa auduga da ruwan magani mai narkar da allin, ya yi ta dangwalawa yana sharewa a hankali. Yuguda na bakin ƙofa yana ta lissafi: in ta ga Joda ta gan shi, shi ke nan.

"Likita, ba a barin ɗan kaɗan saboda rana?"

Aka kore shi waje.

Ranar da aka cire bandeji, suna hanyar gida sai ga Joda a kan babur, fes da shi, ya tsaya yana yi mata barka, haƙora reras. Mairamu ta dube shi, ta daɗe.

Yuguda ya yi gyaran murya. "Haƙoran nan na kanti ne. Kuma idonki bai gama washewa ba."

"Malam," in ji ta, "mai sanƙo da haƙori biyu ai tun ba na gani na san a gidana yake kwana. Wuce mu tafi, ka kula da kwata."