Kwanon Baba da Shinkafar Madam

Ranar Lahadi ta biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, can tsakiyar shekarun tamanin, Inna ta ciro atamfarta ta ƙasan adaka, ta kafa wani ɗaurin kallabi da sai da ta ranƙwafa sau biyu kafin ƙofar tasi ta karɓe ta. Baba na gaba kusa da direba, ya takure kamar wanda za a kai gaban alƙali. Ni ce a gefen Inna, an mulke ni da man kaɗe, har ƙudan da ya sauka a goshina sai da ya zame ya gurɗe. Muka bar Zongo, muka ratsa Cacavéli, muka gangara cikin Lome, iskar teku na kaɗa mana fuska. Duk wanda ya gan mu zai ce biki za mu. Yaƙi za mu, kuma a gidan cin abinci za a gwabza shi.

Sai na ɗan koma baya. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, mangwaro ɗaya da bai taɓa nuna ba saboda jifanmu. Akwai Hausawa, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, da wata Bayarabiya, Mama Sikira, mai sayar da ruwan sanyi daga firjinta na kananzir. Kowace mace da kurfotinta, wato murhun gawayi, a ƙofar ɗaki. A irin wannan gida ba a ɓoye komai, miyar da ba nama ma hanci ke tona mata asiri. To, a duk matan nan, kai, a duk layinmu, Inna ce sarauniyar tukunya. Suna ne, biki ne, walimar sauka ce, ita ake kira ta riƙe muciya. An ce ƙanshin miyar kuɓewarta ya taɓa juyo da wani direban tirela da ya riga ya kama hanyar arewa. Ban gani da idona ba, amma ni na fara ba da labarin, saboda haka na san gaskiya ne.

Aikina a gidan ba ya ƙarewa. In na dawo lakwal, inda ake jera mu a rana muna rawa da waƙar yabon Shugaban ƙasa har maƙogwaro ya bushe, sai jan ruwa, sai tsince tsakuwa a shinkafa, sai fifita gawayi. In na samu sarari in fice mu buga ampe da carafke da 'yan matan layi har a aiko a jawo ni da kunne. Amma babban muƙamina shi ne kwanon Baba. Bayan magariba ni ke kai shi ƙofar gida, inda maza ke haɗa kwanuka su ci a kan tabarma, ni ke ɗauko shi. In na shigo da shi, Inna za ta buɗe a gaban kowa, ta ɗan karkata shi yadda hasken fitila zai nuna cikinsa wayam, sannan ta miƙa min in wanke. Tana yawan cewa, "Kwanon miji shi ne alƙalin mace." Shekara da shekaru alƙalin nan bai taɓa kayar da ita ba.

Kwatsam sai kwano ya fara dawowa da rabin malmala. Ranar farko Inna ta ce zazzaɓi ne. Rana ta biyu ta dafa wa Baba ganyen darbejiya ta tsare shi ya shanye, bawan Allah lafiyarsa ƙalau. Aka yi mako guda haka, matan gida suna leƙe ta wutsiyar ido, sai ga Goggo Azumi, yayar Baba, mai tallar turare cikin gari, wadda raɗarta ma ana jin ta a Ghana. Ta tsaya a tsakiyar gida ta ce, "Dije, ni dai ba na son kawo magana, amma ƙanena na gan shi da idona a gidan abincin Shinuwa, mutanen Sin ɗin nan, bisa kujera, da farin ƙyalle a wuya kamar wanda za a yi wa aski." Har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama.

'Yan yanzu ba za su gane nauyin maganar nan ba. A Zongon wancan lokaci gwauro da baƙon da bai da masauki su ke zama su ci abincin saye. Magidanci mai mata a gida in ya yi haka, tamkar ya ɗauki mai shela ne ya gaya wa duniya tukunyar gidansa ta gaza. Baba mahauci ne a kasuwar Hanoukopé, kuma bayaninsa mai kyau ne: wata tsohuwa mai gidan abinci ce ke sayen nama da ƙwai a wurinsa, in ya kai mata sai ta zuba masa soyayyar shinkafa da naman da shi da kansa ya yanka, a kaskon da ta ware masa don ta san Musulmi ne, ƙi kuma rashin ladabi ne. Da ya tsaya a nan, da an kashe wutar. Sai ya lumshe ido ya ce, "Dije, kowace ƙwaya tsaye take da ƙafarta, ba ruwanta da maƙwabciyarta." Sannan, a gaban jama'a, ya haɗiyi yawu.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi yaji ba. Cefane ta aike ni. Ta tambayi Baba abin da ke cikin shinkafar ɗaya bayan ɗaya, ƙwai ne, karas ne, koren wake ne, ganyen albasa ne, ta haɗa su duka. Ta dafa shinkafa sabuwa fil, tana tururi ta juye ta cikin mai da kayan haɗi, ta yayyafa ruwa, ta rufe tukunya ruf don ta turara, yadda uwarta ta koya mata, yadda duk macen kirki ke yi. Abin da ya fito tuwo ne mai ƙwai. Na ranar farko da an ba magini da ya yaɓe katanga da shi. Na rana ta biyu agwagwar gidanmu ta sunsuna, ta dube mu, ta fice, har yau ba ta aiko da saƙo ba. A rana ta uku Goggo Azumi ta sake zuwa, ta ce sunan jikanta ya kusa, amma tana ganin bana a bar Dije ta huta, wata ta riƙe muciya. Washegari da safe Inna ta ajiye wa Baba koko ta ce, "Malam, kai ni in ga matar nan." Ni kuwa aka ɗauke ni tafinta, tunda ni ke da Faransanci.

Gidan abincin yana bayan Hanoukopé, wajen hanyar teku. Ban taɓa shiga wuri irinsa ba: fitilun jar takarda a rataye, fanka na juyawa a sama, teburori da fararen ƙyallaye, ma'aikata da ɗan baƙin ɗauri a wuya suna tafiya ba ƙarar takalmi. A bango ga hoton Shugaban ƙasa, don a lokacin ko rumfar mai aski ba ta rasa shi. Matsala ta farko ita ce, tunda aka kawo Inna gidan Baba ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Sai ta ɗaga kujerarta ta juya masa baya, ta fuskanci bango. Haka aka yi, mahaifiyata ta gwammace ta ci abinci a gaban Shugaban ƙasa da ta ci a gaban mijinta. Aka kawo shinkafa da tsinkayen cin abinci bibbiyu. Na gwada nawa, ƙwayar farko da na kama ta yi tsalle ta faɗa kofin wani Bature a tebur na uku. Inna ta ture tsinke, ta ture cokali, ta ce a kawo mata ruwan wanke hannu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya tak ta murza tsakanin yatsu, ta daɗe tana murzawa, sannan ta ci loma. Can ta ce, "Daɗi dai akwai shi," da irin muryar da ake gaisuwar mutuwa.

Daga nan ta miƙe. A wurinmu ba a cin abincin mutum a tafi ba a je an ce masa sannu da aiki ba, kuma Inna ba ta ga dalilin da zai sa gidan saye ya zama daban ba. Wani ma'aikaci ya tare ƙofar madafi yana zuba Faransanci, amma ba a haifi namijin da zai tare Inna a hanyar murhu ba. Muka iske Madam mai gidan, 'yar tsohuwa ƙarama da ba ta fi a sa ta a aljihu ba. Ta ce ita 'yar Biyetnam ce, amma mu a Zongo duk wanda ya fito daga can gabashin duniya Shinuwa ne. Da ta ji matar mai nama ce, sai ta kama hannun Inna ta ja ta gaban wuta. Kaskonta na ƙarfe ne mai zurfi, sak na tuyar ƙosai. Wutar tana gurnani kamar ta maƙera. Komai an riga an yanka shi ƙanana an jera a 'yan kwanoni. Ta zuba mai kaɗan, ta fasa ƙwai ta dagargaza ta kwashe, ta jefa nama da kayan lambu, sannan ta buɗe firji ta ciro faranti cike da shinkafa sanyi ƙalau, ta warware ta da hannu ta watsa a kasko.

Inna ta ce in tambaye ta yaushe aka dafa wannan. Madam ta ce jiya. Inna ta ce ban ji da kyau ba, in sake tambaya. Madam ta ce jiya dai, don sabuwar shinkafa cike take da ruwa, in ta ji kasko sai ta cuɗe, dole a bar ta ta kwana ta sha iska. Inna ta dube ni, ta dubi kaskon, ta ce, "Ladi, yanzu ɗumame Babanki ke barin tuwona ya zo ya ci da ƙyalle a wuya?" Sai dariya ta kama ta, har sai da ta zauna kan buhun albasa tana share hawaye da gefen mayafi. Da na yi wa Madam bayani cewa a wurinmu ɗumame abincin safe ne, na lallashin yara, ba a sa wa maigida kwantai da daddare, ita ma ta dafa bango tana ƙyaƙyatawa. Kafin mu fito ta ba Inna karatu uku, na fassara su yadda Allah ya hore min: shinkafa ta kwana, wuta ta yi fushi, mai girki kada ta zauna kuma kada ta rufe. Ta haɗa mata da 'yar kwalbar wani baƙin ruwa mai gishiri. Inna ta sunsuna ta ce, "Daddawarsu ce, suka mai da ita ruwa." Washegari ta ba Baba ƙullin daddawar kalwa ya kai wa Madam tukuici.

Saura babban aiki, wato Inna ta sa wa mijinta kwantai a gaban duk gida. Ta dafa shinkafa da rana, ba ta bari ta yi laushi ba, ta baza a faranti ta huce, ta kai ajiya firjin Mama Sikira, wanda daidai yake da kai labari gidan rediyo. Kashegari da la'asar kowace mace ta samu dalilin zama a ƙofar ɗakinta. Inna ta ɗora kaskon ƙosai, na yi fifita har na ji kafaɗata za ta bar ni, ita kuma tana tsaye tana juyawa, mayafi ɗaure a ƙugu. Matar da ta saba yini a kan miya ɗaya, kafin mai alwala ya kai ga ƙafa ta sauke. Na kai kwano ƙofar gida. Da na koma ɗaukowa, na iske hannuwa shida a ciki, na Baba yana ta kare yankinsa. Kwanon ya fito tas, har na ga fuskata da man kaɗen da ya rage. A bakin ƙofa Inna ta yi min raɗa ta ce in riƙe murfin a ɗaya hannun, in taka a hankali. Na ratsa tsakar gidan nan kamar amarya, ɗaki bayan ɗaki.

Goggo Azumi ma an kai mata nata. Ta zo da kanta da kwano a suɗe tana cewa ai dama ta faɗa, girki sai Dije, mene ne asirin? Inna ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Kwantai ne, Yaya." Ranar sunan jikan Goggo, muciya na hannun Inna.

Yau gidajen cin abinci sun cika Lome, 'ya'yana ma ta waya suke saye, ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kawo har ƙofa, magidanta na cin abinci a gari ba wanda ya kai ƙarar tukunyar kowa. Masu tambayata yadda ake soyayyar shinkafar nan a gida, karatun Madam nake maimaita musu, in ƙara da cewa su sa ta a firji da zarar ta huce, su yanka komai kafin su kunna wuta, kada su cika kasko don haɗama. Inna da Baba sun riga mu gidan gaskiya, inda gidan Madam yake kuma yanzu wayoyi ake sayarwa. Amma har gobe, in na ɗauko kwano wayam daga gaban wani, sai in ji ƙafata ta rage sauri.