Ruwan da Kaka Ta Aiko

Ƙamshin citta ne ya fara tarbata da na buɗe jarkar. Ɗan acaɓan da ya kawo ta daga ƙauyenmu, can wajen Kagoma, ya ɗaure ta a kan buhun citta, har robar ta ɗauki ƙamshin. Ruwan kuwa garau yake kamar na sama.

Shekarata ta ƙarshe ce a makaranta a Kafanchan. Aikin da aka ba ni shi ne nazarin ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwan fadama, waɗanda 'ya'yan kifi ke ci su girma. Na zaɓi fadamar bayan gidan kakata, inda kukan kwaɗi ya yi mini reno tun ina ƙarama. Ragar tace ruwa ɗaya ce a makarantar, malaminmu kuma ba ya bari a fita da ita. Ya ce kowa ya kawo ruwansa a tace a ɗakin gwaji. Kaka ta ce in zauna in yi karatu, ita za ta riƙa aikowa.

Na tace ruwan, na ɗiga abin da ya saura a kan gilashi, na sa ido a madubin ƙara girma. Haske ne kawai, fari fat. Na sake ɗiga wani. Babu abin da ya motsa. A gefena abokan karatuna suna ta kiran juna su zo su ga abin da ke iyo a nasu ruwan. Jarka ta biyu ma haka ta zo.

Malam ya duba da kansa, sannan ya ce, "Ana feshin maganin ciyawa kusa da wurin?"

Na ce ana yi.

"To, mai yiwuwa fadamarku ta mutu. In haka ne, haka za ki rubuta."

Ban taɓa sanin ruwa yana mutuwa ba. Daga wannan ruwan Kaka ke sha, don ta ce na burtsatse ɗanɗanon ƙarfe gare shi.

Ranar Asabar na tafi gida. Fadamar tana nan kore shar, mazari na shawagi a kan ciyawa, ni kuwa kallonta nake kamar gawar da aka yi wa ado. Na tarar da Kaka a bakin ruwa tana cika mini jarka ta uku. Ta ninka tsohon ɗankwalinta na zumuntar matan coci, ta ɗaure shi a bakin bokiti, tana zuba ruwa da ƙwarya a hankali.

"Kaka, me kike yi?"

"Ruwanki mana, 'yar boko."

"Tacewa kike yi? Har waɗancan ma?"

"To da fa? In aika wa jikata ruwa da datti, malamanki su ce ba ki da kowa a gida?"

Na zauna a kan laka ban sani ba. Na ce mata ai dattin nake nema. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Iyayenki sun kai ki makaranta ki karanta datti. Ubangiji ya yi mana jinƙai."

Na kwance ɗankwalin, na ɗauraye shi cikin wata kwalba, na ɗaga ta saitin rana. Wasu ɗigo-ɗigo ne kamar ƙurar gari, amma ba nutsewa suke ba. Tsalle suke, su tsaya, su sake tsalle. Kaka ta matso da fuskarta har numfashinta ya dusashe kwalbar.

"Suna da rai," in ji ta, a hankali. Ta ja baya, ta dubi fadamar kamar baƙuwa.

A ɗakin gwaji na gan su sosai. Wata jikinta kamar gilashi, ina kallon zuciyarta tana bugawa. Wata mai jan ido ɗaya tak a tsakiyar kai, tana jan jakunkunan ƙwai a bayanta. Wasu suna juya gashin bakinsu kamar ƙafar keke. Yawansu ya sa na ɗaga kai na nemi iska. Fadamar ba ta mutu ba, haka kuma na rubuta.

Tun a aji na san mai jan idon nan ce ke ɗauke da kurkunu a da, tsutsar nan da ake sha a ruwa ta huda ƙafa ta fito, lokacin da cutar take ƙasar nan. Amma sai bayan rasuwar Kaka mahaifiyata ta gaya mini cewa tabon da ke idon sawun Kaka, wanda na ɗauka ƙuna ce, ta nan kurkunu ya fito mata, kuma tun daga wannan damina ba ta sake ba wa kowa ruwan da ba ta tace ba.