Makullin da Baba Sannu Ya Ɗaure da Igiya

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Sannu, mai gyaran injuna a ƙarshen layinmu, bayan jinyar kwana shida. 'Yata Auta ce ta kawo labarin. Ta tsaya a ƙofar kicin. Na fara duba hannuwanta kamar yadda na saba, na ga yatsu goma cif, sannan na dubi fuskarta na gane.

Baba, sai da na aurar da 'ya'ya uku sannan na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi, har yau kuma a hankali nake rubutu. Amma kai ne ka fara sa karatuna ya yi amfani a gaban mutane, don haka wannan takarda da hannuna zan rubuta ta.

Maigidana ya rasa yatsu biyu a bel ɗin injin niƙa tun muna sabon aure. Shi ya daɗe da mai da abin wasa, yana cewa duk unguwa babu mai rigansa gama yankan farce. Ni ban taɓa yin dariyar ba. Tun daga ranar na ce babu abu mai juyawa da wuta da zai shigo gidana, ko fanka sai da aka shekara ana lallashina. Sai Allah Ya ba ni auta mace, ba ta son ɗinki, ba ta son kitso, sai ƙarfe. Ta koyo aikin a makarantar sana'a, ta mai da ɗakin ajiyarmu wurin aiki, tana yin hannun tukunya, maratayin labule da ƙafafun kanta. Zarto da guduma da magagari na yarda da su, tunda hannu ke sarrafa su. Idan aiki ya zo ga huda kuwa, sai ta zuba ƙarafanta a buhu ta nufi shagonka.

Shekara biyu tana huda a injinka kana tsaye a kanta. Duk wanda ya kama hannun injin nan sai ka ce masa sannu-sannu, har kalmar ta zama sunanka, jikokinka ma da shi suke kiranka.

Bara ka ce ƙafafu sun gaji, za ka sayar da manyan injuna ka rufe shago. Auta ta same ni ta ce in babu wurin huda, sana'arta ta ƙare. Ta ce ɗan abin da ta tara zai isa ƙaramin injin huda mai araha, irin wanda ake kafawa a kan teburi. Na ce a'a. Babanta ya sa baki, yayyenta suka bugo waya ɗaya bayan ɗaya, na ce a'a. Wata safiya na leƙa na gan ta tana shafa wa kayan aikinta mai, tana naɗe su a tsumma kamar mai shirin doguwar tafiya. Duk da haka ban canza magana ba.

Sai ga ka da sandarka. Ka zauna a tsakar gida, ka sha ruwa, ba ka roƙe ni komai ba. Ka ce tsorona gaskiya ne, inji yana cin hannu, ka ga hakan ya fi sau goma. Sannan ka ce: "Malama, ba izini na zo nema ba, rakiya na zo nema. Idona ya daina ganin ƙananan rubutu, an ce kin iya karatu. Ki zo mu je kasuwa duba injuna, ki karanta mini. In babu wanda ya kwanta miki a rai, mu dawo hannu rabbana."

Ba a taɓa kirana Malama ba. Ban san lokacin da na yafa mayafi ba.

A layin masu kayan aiki, mai shagon farko ya jawo mana wani jan inji mai ƙyalli, har da 'yar fitila a goshinsa. Auta ta kafa masa ido. Kai ko fentin ba ka duba ba. Ka sa aka ɗaga murfin sama inda bel yake, ka nuna mini takardar da aka manna a ciki, ka ce lambobin nan su ne yawan juyin da yake yi a minti, in nemo maka mafi ƙanƙanta. Na ɗora yatsa ina bi, mai shago yana jira. Na ce ɗari shida da ashirin. Ka girgiza kai, ka ce wannan na katako ne, bai iya tafiya a hankali ba, in aka sa shi a ƙarfe zai ƙone tsinken huda kafin azahar. Mai shago ya ce ai shi kowa ke saya. Ka ce to ashe garin duk kafintoci ne.

Shago biyar muka shiga. A na uku ni nake ɗaga murfi da kaina. A na huɗu ban jira ka ba, na karanta na dubi mai shagon na ce masa wannan na katako ne. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Auta ta rufe fuska don kunya.

A na biyar muka same shi a can ƙurya, mai ruwan toka, mummuna, wani ya taɓa amfani da shi. Na karanta ɗari biyu da goma. A nan ka fara naka binciken. Ka zaro wani miƙaƙƙen ƙarfe siriri daga aljihu, ka ɗaura shi a bakin injin, ka juya da hannu kana riƙe da alli kusa da tsininsa, ka ce in tsinin ya yi rawa, huda ba za ta taɓa miƙewa ba. Bai yi ba. Ka sauke hannun injin har ƙasa, ka kama bakin ka jijjiga hagu da dama. Ka danna faifan da ake ɗora aiki da duk nauyinka, ka ce ni ma in danna. Maza biyu ne suka ɗaga shi zuwa mota suna nishi, kai kana murna, kana cewa mara nauyi tsalle yake yi a kan teburi.

Auta ta so ta sayi babban akwatin tsinkayen huda da abin da ya rage mata. Ka hana. Ka ce ta sayi uku masu kyau, da gilashin kare ido, da abin matse ƙarfe mai leɓe biyu da hannun murɗawa. Ka ce ba a riƙe ƙarfen da ake hudawa da hannu, domin in tsinke ya maƙale, ƙarfen zai fizge ya juya kamar wuƙa. Da na ji haka na kusa cewa mu koma gida. Ka lura, ka ce shi ya sa ake matse shi, kuma daga yau ni ce mai dubawa: ɗankwali a ɗaure tam ta baya, babu mayafi, babu zobe, babu hannun riga mai faɗi.

A gida ka kafe shi a teburi da ƙusoshi huɗu masu murɗi. Sai ka ɗauki ɗan makullin da ake ɗaure bakin injin da shi, ka ce wannan ƙaramin abu ya fi komai ɓarna, don mutum yakan manta shi a baki ya kunna wuta, ya fito kamar dutsen gwafa. Ka yanko igiya tsawon taƙi ɗaya, ka ɗaure makullin a wuyan filogin wutar injin. In makulli yana bakin inji, filogi ba ya kai wurin jona wuta a bango. In filogi yana bango, makulli ba ya kai baki. Ka ce in gwada. Na ja ta nan, na ja ta can, na kasa haɗa su.

Ka ce: "Mutum yana mantuwa, Malama, ni ma ina yi. Igiyar nan ba za ta manta ba."

A ranar aka yi huda ta farko a gidana, ina tsaye a bakin ƙofa na dafe ƙirji. Ƙarar ma ba ta kai ta fanka ba.

Da na je gaisuwa, Iya matarka ta riƙe hannuna muka yi kuka. Na ba ta labarin kasuwa, da yadda idonka ya gaza na karanta maka. Ta share hawaye ta dube ni, ta ce wane ido? Ta ce har satin da ka kwanta kai kake zura mata zare a allura. Baba, a zaman makokinka muka yi dariya har mata suna waigowa. Na yafe maka wannan, Allah ma Ya yafe maka.

Bayan rasuwarka Auta ta lulluɓe injin da tsohon zane ta ja ƙofa. Kwana tara ba ta shiga ba. Masu kawo aiki suna zuwa suna komawa. Ta ce ba za ta iya jin ƙararsa ba, kai take tunawa. Ran na goma na ga tsumman nan da kwalbar mai a kusa da kayan aikinta, na san abin da ke tafe: za ta ajiye sana'ar.

Na tura ƙofar na shiga. Na yaye zanen, na ɗaga murfi, na duba bel yana kan ɗari biyu da goma. Na cire makulli daga baki, na kai filogi bango da hannuna, na danna. Babanta ya fito da buta ya tsaya yana kallona. Auta ta shigo da gudu, ta kashe injin, ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce: "Mama, da mayafi kika shigo."

Ta zare shi daga kafaɗata ta rataye a ƙusar waje. Ta ɗaure ɗankwalinta ta baya, ta sa gilashi, ta matse hannun tukunyar da ke jira tun kafin ka kwanta, ta ɗiga masa mai. Na ji tana cewa sannu-sannu a ƙasan maƙoshi. Da ta gama na duba hannuwanta, goma cif.

Allah Ya jiƙanka, Baba Sannu. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa duk hannun da ka tsare ya zama shaida a gare ka ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana da ta Auta ga Iya, da 'ya'yanka, da jikokinka, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injinka kana bayansa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.